Tukwane Masu Ado Gefe Ɗaya

Har gobe ban manta da wata ranar Laraba ba, cikin damina, saura wata huɗu in yi ritaya. Ranar ce na gane duk ofishinmu na Abuja babu mai iya karanta aikin da na ƙare ƙuruciyata a kansa.

Ga waɗanda ba su tarar da ni ba, ni ne mai zane na sashen kayan tarihi, na ƙarshe cikin mu biyar. Idan masu tono suka dawo da tsingaro, wato fasassun tukwanen mutanen dā, a teburina ake zube su. Zan kifa bakin tsingaron a kan tebur, in yi ta karkata shi har haske ya daina wucewa ta ƙarƙashinsa. A nan ake sanin yadda tukunyar ta tsaya. Sai in auna faɗin bakin, in fitar da siffarta a takarda. Ƙa'idar aikin ita ce a ja layi a tsakiyar zanen daga sama har ƙasa. Hannun dama ya nuna bayan tukunya da adonta, hagu ya nuna cikinta da kaurin jikinta, kamar an raba kabewa biyu. Hoto ba ya nuna wannan, komai kyan kyamara.

Sau uku ina rubuta takarda ina roƙon a ba ni ma'aikaci ko guda in koya masa kafin in tafi. Ta ukun tana gaban Darakta a lokacin, ya ce zai duba bayan baje kolin da ake shiryawa. Na ɗora rai a kan baje kolin nan ƙwarai, don an ce za a nuna yadda zanenmu ya shiga aikin masu fasaha na yankin. Gaskiya kuma ya shiga. Ɗige-ɗigen da muke nuna inuwa da shi na gan shi a zanen bangon otal-otal, na gan shi a jikin ƙwarya. Ban taɓa jin haushi ba, daɗi ma nake ji.

Jami'in baje kolin, Malam Nura, mutumin kirki ne mai digiri biyu, sai dai gaggawa kamar an biyo shi. Ya kwafi zanena guda goma ya kai wa wata mai ginin tukwane a Karshi ta gina irinsu, bai ce mini uffan ba.

Da safen Larabar nan na shiga zauren baje kolin. Tukwane goma a jere, gini mai kyau, gashi mai kyau, amma kowace an tsaga mata layi a tsakiya. Dama cike da ado, hagu fayau. A ƙasa an manna takarda mai cewa haka mutanen dā suke yi wa tukunya ado, gefe ɗaya. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta ukun. Tsingaronta mun tsinto shi ne a wani fili can wajen Kuchigoro, katafila na binmu a baya. Yau wurin gidaje ne, tsingaron kuma ya ɓace a ƙaurar da muka yi daga tsohon ofis. Zanena kaɗai ya rage shaidar an taɓa yin tukunyar a duniya.

Wadda ta gina su, Mama Talatu, tana zaune a gefe, ta ɗaura sabon zane. Na gaishe ta, na ɗauko takardar zanen na nuna mata abin da layin ke nufi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta riƙe haɓa.

“Malam, ni ma na faɗa wa oga da ya kawo,” in ji ta. “Na ce wannan tukunya bai yi daidai ba. Wane mace zai yi ado gefe ɗaya ya bar ɗaya tsirara? Kakata bai yi haka ba. Ya ce haka takardan gwamnati ya nuna. To ni wa zan yi gardama da takarda?”

Kunya ta kama ni kamar ni na yi mata ƙarya. Mace ta fi shekara arba'in hannunta cikin yumɓu, ta san gaskiya, ta ajiye saboda takardata.

Na tari Darakta a bakin ƙofa na yi masa bayani a gurguje.

“Malam Isyaku, baƙi suna hanya,” ya ce yana duba agogo. “An riga an buga komai. Kuma ka gani, design ɗin ya yi kyau, mutane za su so shi. Ka bari after the programme mu zauna.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarya ce muke nuna wa jama'a.”

“Ai shi ya sa nake cewa hoto ya fi sauƙi. Kowa na ganewa, babu ruɗani.”

Abin da na zaci zai zame mini hujja, shi ya zama hujjar rufe ɗakina. Bayan sati biyu fayil ɗin roƙona ya dawo da layi ɗaya: ba a buƙatar maye gurbin. Aka fitar da teburin zanen zuwa baranda, aka zuba kwamfutoci a ɗakin.

Mutum ɗaya ne ya taɓa cewa in koya masa, Mama Talatu. Ta hawo mota tun daga Karshi wata Litinin, muka zauna a barandar nan. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma kafin azahar tana duban zane ta ce wannan tulu ne, wannan ta miya ce, wannan mai ginin tana da nauyin hannu. Ta koma gida ta gina ta Kuchigoro yadda take, ado zagaye. Babu wanda ya taya. Masu saye daga Abuja mai layin suke nema, ita suka gani a baje koli. Maƙwabtanta duk sun koma yin ta, har a bakin titin Uke na ga an jera su.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne zane ba ya kare kansa. Sai da mai karanta shi yake zama shaida, in babu shi, kowa abin da ya ga dama zai gani. Mu ma masu zanen da laifinmu, mun rufe ƙofa muna aiki, mun ɗauka kowa ya san abin da layin nan ke nufi.

Ku da ke cikin ofis yanzu, zanena suna cikin kabad ɗin ƙarfe na bayan sito. Ranar da kuka buɗe su kuka rasa gane komai, kada ku neme ni, idona ya riga ya tafi. Ku je Karshi ku tambayi Mama Talatu, in Allah ya sa kun tarar da ita da rai.