Ranar da Mai Inji Ta Yi Shiru

Yayata ba ta iya magana a hankali ba. Wannan ba gulma ba ce, ko a gabanta ina faɗa, takan kuma amsa da muryar da za a ji a ƙarshen layi cewa sharri nake mata. Injin niƙa gare ta a wani ɗan shago da ke jikin gidansu, tun tana goyon fari take tsaye a kansa, shi ya sa duk unguwa Mai Inji ake kiran ta. Wanda kuwa ya wuni kusa da inji yana tambayar mutane, "Gari ko ɓarza?" dole ya ɗaga murya. Matsalar Yaya ɗaya ce: idan ta kashe injin, muryar ba ta mutuwa tare da shi.

Shagon bai fi a ce mutum uku su tsaya a ciki ba. Robobi da kwanuka a jere tun daga bakin ƙofa, ba suna a jikinsu amma ta san mai kowanne. Ga guntun icen da take tura hatsi da shi a mazurari, ya yi sumul saboda riƙo, ga tsohon bel rataye a ƙusa wanda ta ƙi jefarwa. Kafin rana ta yi tsaka gari ya rufe mata gira da gashin ido, sai ka rantse kakarmu ce. Tana son aikin nan, kuma ba ta ɓoyewa. Takan ce ita duk ranar da inji ya lalace kanta ke ciwo, shirun ya yi mata yawa.

Na daina faɗa mata sirri tun muna 'yan mata. Ba don tana yaɗawa ba, a'a, Yaya akwai riƙon amana. Amma za ta matso kusa da kunnena ta ce, "Tsakanina da ke," sai in ji mai shagon tsallaken titi ya ce, "Ashsha, Allah ya kyauta." Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai sanyi. Ya ce idan ya dawo daga tafiya, tun daga mararraba yake sanin iyalinsa lafiya suke.

Da wannan murya ta raini 'ya'yanta, kuma dokarta ɗaya ce: kira ɗaya ake yi. Duk inda yaro yake, ko me yake yi, idan ya ji sunansa zai waiwayo ya ce na'am, sannan ya iso kafin a yi na biyu. Manyan sun bi dokar da jan ƙafa. Auta ce ta ɗauke ta da gaske. Ita ake aika kai wa tsofaffin unguwa niƙansu, kuma daga can za ta jiyo kiran ta kwaso a guje da robar a ka. Da ta shiga sakandare, malamin wasanninsu ya ce yarinyar nan baiwa gare ta. Ni dai na san baiwar, tsoron kira na biyu ne.

Malamin ya sa ta a gudun mita ɗari takwas, wato zagaye biyu na fili. Kowace shekara ana gasar guje-guje da tsalle-tsalle tsakanin makarantun sakandare a babban filin wasa, kuma ranar ce kaɗai Yaya ke rufe shago ba tare da ciwo ko rasuwa ba. Ba ta zama a rumfa inda jama'a suke. Can take zuwa bakin wayar da ta kewaye filin, daidai kwanar ƙarshe, inda ba kowa sai mu da masu neman inuwa. Ta ce nan ne yara ke gajiya, nan ne suke bukatar uwa. Ɗan kowa yi masa ihu take, ta san shi ko ba ta san shi ba.

Bara aka yi abin da aka yi. Auta ce a gaba, an shigo kwanar ƙarshe, wata doguwa mai jar riga tana matsowa a bayanta. Yaya ta cika ƙirji ta ce, "Auta!" Nufinta ta ƙara mata ƙarfi. Yarinya kuwa, tana tsakiyar gudu, ta waiwayo ta ce, "Na'am?" Wallahi da kunnena na ji. Kafin ta gyara ƙafa uku sun wuce ta. Mai sanarwa ya kira ta ɗaya da ta biyu da ta uku a lasifika, ita ta huɗu ba a kiran ta.

A hanyar gida Yaya ta yi ta dariya har da riƙe ciki, tana ba kowa labarin irin tarbiyyar 'yarta. Ni ma na taya ta, ba zan yi ƙarya ba. Dariyar ta tsaya ne da muka ga Auta ta ture abinci ta shige ɗaki. Daga baya muka ji cewa a makaranta har malamai sun koma kiran ta Na'am.

Bana ce shekararta ta ƙarshe a sakandare. Biyun da suka zo farko a kowane gudu su za a tafi da su babbar gasa, inda masu horarwa daga manyan makarantu ke zuwa zaɓen 'yan wasa. Idan ta rasa wannan, shi ke nan, ba wata bana. Ana saura 'yan kwanaki ta same ni a gida ina guga, ta zauna a bakin gado tana wasa da igiyar takalminta.

"Inna, don Allah ki ce wa Umma kada ta zo."

Na ce, "Ni? Ni zan faɗa wa yayata haka? Ke dai ba kya so na da arziki. Tashi mu je, ki faɗa da bakinki, ni in tsaya a bayanki."

Muka same ta ana tsaka da niƙa. Da ta ga fuskokinmu sai ta kashe injin, abin da ba ta yi wa kowa. Auta ta sunkuyar da kai, ta faɗi maganar cikin wata 'yar murya. Na zaci rufin shagon zai tashi. Amma Yaya tsayawa ta yi tana kakkaɓe garin hannunta, tana kakkaɓewa, alhali ba sauran gari a jiki. Tausayinta ya kama ni, don na san ranar gasar nan ita ce ranar da ta fi so a duk shekara.

"Ni ce ba zan zo ba?" in ji ta.

"Umma, ba ƙin ki nake ba. In na ji muryarki ba na iya ƙin juyowa. Na gwada, ba na iyawa."

"To zan zo," in ji Yaya. "Amma ba zan ce uffan ba. Ko tari ba za ki ji ba."

Dariya ta ƙwace mini. Ta harare ni ta ce, "Ke kuma me ya ba ki dariya?" Mai shagon tsallake ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ta fara gwaji tun daga ranar. Sai ta riƙa yi wa masu niƙa magana da hannu, tana nuna gari, tana nuna ɓarza. Wata tsohuwa ta koma gida ta dawo mata da maganin maƙogwaro. Mijinta ya dawo daga tafiya, ya shigo gida hankali a tashe, ya ce tun daga mararraba bai ji komai ba.

Ranar gasa muka tsaya a wurinmu na kullum. Gudun Auta sai can da yamma, don haka Yaya ta sha azaba tun safe. Wani siririn yaro ya yi tsallen sama ya haye sandar da ta fi shi tsawo, fili ya ɗauki ihu, Yaya kuwa ta haɗiye nata. 'Yar wata mai kawo mata niƙa ta zo ta ɗaya a jifan dalma, wato ƙwallon ƙarfen nan mai nauyi, mai sanarwa ya ce rabon da a yi jifa mai nisa haka an daɗe. Yaya ta buɗe baki, ta tuna, ta rufe. Na ce mata ai alkawarin na Auta ne kawai, ta yi wa sauran ihu mana. Ta girgiza kai, ta raɗa mini cewa idan ta buɗe ba za ta iya rufewa ba. Raɗar ma sai da mutumin da ke gefenmu ya ce gaskiya ne.

Da aka jera su Auta, na hango doguwar nan mai jar riga ta dawo. Aka busa usur. Yaya ta cafki wuyan hannuna da hannun da ya saba ɗaga buhu, ta kama bakin mayafinta ta cusa a baki.

A zagayen farko Auta ce ta uku, ta wuce mu ko kallon wayar ba ta yi ba. A na biyu wata 'yar ƙarama ta tsere wa kowa, ba mai kama ta. Saura gurbi ɗaya ke nan. Auta ta ƙwace na biyu tun daga can nesa, amma mai jar riga ta manne mata, tana matsowa, daidai kamar bara, daidai kuma a kwanarmu. Jijiyoyin wuyan Yaya suka tashi, idanunta suka yi ja, ƙirjinta ya cika. Na ce a raina, yau hannuna ya karye, alkawari ma ya karye.

Suka zo suka wuce gabanmu, kusa ƙwarai, da ka miƙa hannu ta cikin waya za ka taɓa su. Ihun rumfa yana can nesa. A nan ba abin da ake ji sai dukan ƙafafu a ƙasa da numfashin yaran, wani irin numfashi mai gurnani da ke fita kamar ana yage ƙyalle. Fuskar Auta a murtuke, bakinta a buɗe. Ba ta waiwayo ba.

Da ƙyar ta riga mai jar riga taka layin. Da mai sanarwa ya kira sunanta a matsayin ta biyu, ya ce tana cikin masu tafiya babbar gasa, ni ce na yi ta tsalle ina ihu, ni da ake ce wa shiru-shiru a gidanmu. Na juyo na ce, "Yaya, an gama! Saki muryar, yanzu kam ya halatta!"

Ta zare mayafin daga bakinta, ya jiƙe sharkaf, haƙoranta sun huda shi. Ta yi magana, ban ji ba. Tunda aka haife ni ban taɓa cewa yayata ta maimaita magana ba sai ranar.

"Kin ji numfashinta?" ta ce. "Ashe haka abin yake da wuya. Duk shekarun nan ina nan ina ta ihuna, ban taɓa ji ba."

Can sai ga Auta ta tsallako fili tana tangaɗi, malamin wasanni yana kiran ta a ɗauke su hoto, ta yi masa alamar ya jira. Ta iso bakin waya ta dafa gwiwoyinta, tana so ta yi magana, haki ya hana ta. Yaya ta zura hannu ta cikin wayar, ta ɗora tafinta a gadon bayan yarinyar, inda rigar ta manne da gumi. Ba ta ce komai ba, ba ta kuma ɗauke hannun ba sai da numfashin ya daidaita.