Safar Hannun Baba da Nake Sauke Tukunya da Ita

Ku gafarce ni da damunku.

Jiya a gidanmu na Ƙurban ina sauke tukunya da wata tsohuwar safar hannu ta fata, sai Kawu ya tsayar da ni.

"Ɗiyata, kin san mece ce wannan?"

"Ta marigayi Baba ce, Kawu. Tana tare zafi."

Ya yi dariya har da hawaye. "Da ita yake cafe ƙwallon besbol, wani wasan Turawa. Don wasan kaɗai Turawan kamfanin mai suka ɗauke shi aiki. Ban taɓa ganin ƙwallo ta kuɓuce masa ba."

Ni da allon karatu kawai na san Baba. Yanzu safar tana ajiye kusa da allonsa.

Sai dai zafi ya tsaga fatar. Wanda ya san mai gyara a Madina, don Allah ya amsa min da wuri.