Tseren Rabah da Albasar Baba

Ina aji uku a elementare ta Wurno malaminmu ya zaɓe ni gudu. Lokacin Turawa na nan. Anka ce yaran Wurno da na Goronyo za su taru Rabah a yi tsere gaban Baturen makaranta, wanda duk ya ci a wuce da shi Sakkwato.

Na sheƙo gida da murna, na iske Baba yana gyaran igiyar jigon da muke jan ruwa da shi. Rani ne, albasa ta fara kai, kuma mu biyu kaɗai ke ban ruwa: ni in ja guga, shi ya kora ruwan cikin fangali.

Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce, "Mi za su ba ka in ka ci?"

Na ce ban sani ba.

"To mu mi za mu ba su?"

Wannan na sani. Malam ya ce farin gajeren wando da singileti, da guzurin kwana uku. Ya kuma ce a riƙa ba ni nono da ƙwai don in yi ƙarfi. Ran kasuwa Inna ta ja akuyarta guda ɗaya, mai ciki, ta dawo da farin yadi. Sati biyu ina shan fura da nono ni kaɗai, ƙannena na kallon bakina.

Ranar tsere Baba ya bar gona ya biyo mu Rabah a kan jaki. Nan ne malam ya faɗi abin da bai faɗa ba can: wanda ya ci zai yi kwana goma Sakkwato, kuma ciyarwarsa na kan iyayensa. Na dubi Baba. Ya kawar da kai.

Mu takwas munka jeru. Ban san wanne nake tsoro ba, faɗuwa ko ci. Anka busa usur. Wani dogon yaro ɗan Goronyo ya wuce ni, na ce a raina shi ke nan, Allah ya raba ni da rigima. Amma da na ji 'yan Wurno na kururuwa, ƙafata ta ƙi bin shawarata. Dab da igiyar ƙarshen tsere na sha gabansa.

Yara sunka ɗaga ni sama. Daga can na hango Baba ya nufi malam, ya cire hula yana juya ta a hannu.

"Malam, kwana goman nan ba a rage su?"

"Ba a ragewa, Baba. Bature ya rubuta sunansa."

Baba ya sayar da damin gero biyu anka yi mini guzuri. Yayata mace ta karɓi jigo, har tafin hannunta ya fashe, duk da haka fangali bakwai sunka bushe. A Sakkwato na zo na huɗu, anka ba ni sabulu ɗaya.

Ba wanda ya yi mini faɗa da na dawo. Da wata shekara ta zagayo malam ya sake kirana, sai na ce masa gwiwata na ciwo. Ya daɗe yana dubana, sannan ya kira wani yaron.