Tsohon da Ya Taka Kan Kerkeci

An hana Vendelin Brezak shiga filin wasan hokin ƙanƙara na garinmu saboda ya taka darduma. Ba mutum ya taka ba, darduma ce mai zanen kan kerkeci, tambarin ƙungiya, wadda aka shimfiɗa bara waccan a ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya. Mutumin da ya haura shekara arba'in yana rubuta labarin ƙungiyar nan a jaridar gari, shi aka ƙwace wa katin shiga a bakin ƙofa, jama'a na kallo.

Kawu Vendo, yadda kowa ke ce masa, ya fara wannan aiki tun filin ba shi da rufi, tun kafin a raba ƙasarmu gida biyu. A tsaye yake kallon wasa, dusar ƙanƙara na zuba masa a wuya, da fensir yake rubutu don biro daskarewa yake yi. In an yi wasa a wani gari, sai ya ruga tashar jirgin ƙasa ya karanta wa ofis labarin ta waya, yana ihu, matafiya na harararsa. Ranar da matarsa Zdenka ta haifi 'yarsu ta fari yana can garin Ostrava wajen wasa, kuma har gobe ba ta bar yi masa gori ba.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Alƙalaminsa ba ya ragawa kowa. Ya taɓa rubuta cewa wani mai tsaron raga ya fi ƙofar mashaya buɗewa, uwar mutumin ta shekara ba ta gaishe shi ba. Da za a yi wa filin rufi ma sai da ya yi ta sukan abin, wai hokin da babu sanyi wasan 'yan gata ne. Sai ga shi shi ya fara kama kujera kusa da bututun ɗumi, saman bencin 'yan wasa, bai sake tashi daga kanta ba. Amma duk wanda ya taɓa riƙe sandar hoki a garin nan, uwarsa ta yanko sunansa daga shafin Kawu Vendo ta adana.

Bana ya ce daga wannan kakar wasan ya ajiye aiki, idonsa na hagu ya yi yana. Ƙungiya ta kai wasannin fitar da gwani, ta ci na farko, ya shiga ɗakin 'yan wasa kamar kullum don jin ta bakin kyaftin. Ɗakin ya cika da tururi, tabaransa ya yi hazo, ya miƙe sambal ta tsakiya, ya tsaya a kan hancin kerkeci yana laluben fensir. Ƙattan nan masu gemu buzu-buzu, waɗanda ba sa aski sai an gama gasa, kowa ya dafe kai kamar an yi mutuwa. Ai a wurinsu ba a taka tambari, in an taka sa'a ta gudu. Al'adar da suka kwaso daga talabijin, wadda ko shekarun takalmin Kawu Vendo ba ta kai ba.

Kyaftin Dusan ya ce ya matsa, ya matsa. Ya ma ba da haƙuri, abin da ko Zdenka ba ta taɓa samu ba. Aka yi zaton magana ta mutu.

Sai 'yan wasan suka sha kashi sau biyu a jere. Duk wanda ya je kallo ya ga dalili: masu tsaron baya suna sulɓi kamar masu ɗauke da buhun dankali. Amma gyara wannan aiki ne, korar tsoho kuwa ba wuya. Manaja Rastislav Holub, wanda aka ɗauko daga shagon sayar da tayoyi, shi ya tare shi a ƙofa.

"Kawu Vendo, kada ka ɗauka da zafi. Yara ne suka ce ba sa son ganinka sai an gama."

"Rasto, an gama me? Ni ma ai gamawa zan yi."

"To ka ji a rediyo mana, ya fi maka ɗumi."

"Ubanka ya buga wa ƙungiyar nan da karyayyen haƙarƙari, a kan ƙanƙarar da karnuka ke yi wa fitsari. Bai taɓa cewa kare ne ya kayar da shi ba."

Rasto hannu kawai ya miƙa. Tsohon ya cire katin daga wuya ya ba shi, ya koma gida da fulas ɗin shayinsa ko buɗewa bai yi ba.

Ya ɗauka jaridarsa za ta tsaya masa. Editarsa, Miloslava, ta ce ya fahimta, ba ta son rigima da ƙungiya a irin wannan lokaci, za ta buga sanarwar da suke aiko mata. Haka aka yi. Aka sake lallasa su babu shi a filin, sanarwa ta ce yara sun nuna jarumta. Shi kuwa yana kicin, rediyo a gabansa, yana rubuta labarin wasan da bai gani ba, ya rubuta ya yaga. Zdenka ta ce ko halushki, abincin da ya fi so, ture shi yake yi.

Ran Lahadi za a buga na gaba. In suka faɗi, kaka ta ƙare, aikinsa ya ƙare da ita, ya zama wasansa na ƙarshe ta rediyo ya ji shi.

Saboda haka, Rasto, ka kai masa katinsa har gida kafin Lahadi, da ƙafarka. Dusan, kai da shi ne ya fara sa sunanka a jarida, ka tsaya a ƙofa ka shigo da shi. Miloslava, ki bar masa shafin baya gaba ɗaya, kada ki taɓa ko waƙafi. Dardumar kuwa, tunda ba ta jure ƙafa, ku rataye ta a bango.