Hoton da Ya Kashe Babanmu

Washegarin Kirsimeti na 1972, shekarar da gwamnati ta ce motoci su koma bin hannun dama, Mista Bulus mai hoto ya shigo ƙauyenmu na kusa da Kwoi a kan babur, yana bin tsakiyar hanya don kada ya saɓa wa tsohuwar doka ko sabuwa. Mu yara muna kan falalen dutsen da ake shanya citta, an ba mu aikin korar awaki, sai muka bar wa awakin cittar muka bi shi a guje. Shagonsa yana Kafanchan kusa da tashar jirgi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa can ya dawo da labarin labulensa mai zanen bene da jirgin sama. Ran nan bai zo da labule ba. Akwatin hoto kawai ya rataya a wuya, irin wanda ake riƙewa a saitin cibiya a leƙa ta sama, kamar mai duba ko tuwo ya nuna.

Babanmu, Malam Ishaya, hedimastan firamare, shi ya aika aka kira shi. Ƙanensa Dogara ya shiga soja lokacin yaƙi, yaƙi ya ƙare, shi kuwa ya maƙale a barikin Enugu. Kowace shekara sai ya aiko da hotonsa, hula a karkace, hannu a ƙugu, da saƙon cewa hutu ya yi wuya. Baba ya yanke shawarar a mayar masa da martani da hoton gida, don ya ga muna lafiya, ya kwantar da hankalinsa. Kaka, uwarsu, ba kwanciyar hankalin Dogara take nema ba. Idonta ya fara dushewa, tana so ta taɓa fuskar autanta da hannu tun tana iya gane shi. Ta faɗa a addu'ar safe, ta faɗa a ta yamma, har ta kai ƙara wurin fasto. Baba ya yi mata bayanin dokar soja da Hausar makaranta, ta saurara har ƙarshe, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Kafin mai hoto ya kashe babur, an riga an fito da arzikin gidan tsakar gida: rediyo, keken ɗinkin Mama, agogon bango da ya daina aiki tun ina goye, keken hawa na maƙwabci da aka aro, da wata ƙatuwar doya da Baba ya hana a ci don wannan rana. Mista Bulus ya zagaya kayan a hankali, ya tambayi Baba ko gwanjo za a yi. Sannan ya yi tambayar da ba a taɓa yi wa kowa a ƙauyenmu ba: "Malam, me kake so hoton nan ya faɗa?" Baba, wanda ya saba shi ke tambaya wasu su yi zufa, ya ce hoto ai ba ya magana. Mista Bulus ya ce duk abin da ya shiga hoto sai ya yi magana, ko tsintsiya ce, kuma idan kowa ya yi magana lokaci guda kasuwa ke nan. Idon mai kallo baƙo ne, in ji shi, dole a nuna masa wuri ɗaya da zai zauna. Aka yi ciniki mai tsawo. Keken aro ya koma gidansu, agogo ya koma bango, doya ta koma rumbu tana jiran ajalinta. Rediyo kaɗai ya tsira, shi ma don Baba ya rantse zai riƙe shi a cinya.

Daga nan aka shiga jera mu. Mun tsaya a gaban ɗakin kwano, abin alfaharin gidan, mai hoto ya ce a'a, bishiyar gwandar da ke baya za ta tsiro daga kan hedimasta. Mun juya muna fuskantar rana, ya ce za mu fito kamar masu yanka albasa. Ya kwashe mu zuwa inuwar mangwaro, ya sa dogaye a baya, mu ƙanana a ƙasa kan tabarma, kujeru biyu a tsakiya, ɗaya ta Kaka, ɗaya ta Baba. Mama da matan gidan sun sa anko na zumuntar matan coci, don shi ne tufafinsu mafi kyau. Da shi suke zuwa aure, da shi suke zuwa jana'iza. Ba a kuwa ce wa kowa ya ɗaure fuska ba. A zamanin nan mutumin kirki ba ya nuna wa na'ura haƙoransa. Dariya a hoto aikin 'yan tasha ne, kuma an gargaɗe mu tun da safe cewa wanda ya yi ta zai yi kukanta da yamma.

Matsala ta taso a fuskar Kaka. Inuwa da ɗankwali sun haɗu sun shanye ta, mai hoto ya ce ba ya ganin komai sai 'yan kunne. Ya sa aka kawo farin zanen gado, ya ce a miƙe shi a rana daga gefe don ya watso mata haske, kuma sai dogon mutum. Duk gidan babu wanda ya kai Baba tsawo. Aka shirya cewa za a fara ɗaukar na gwaji Baba yana riƙe da zane, sannan a nemo wani ya karɓe shi a ɗauki na gaske. Baba ya tashi, ya ɗora hularsa ta malafa a kan kujerar don kada wani yaro ya ɗauka an yi murabus. Mista Bulus ya roƙa a janye kujerar. Ya ce wurin da babu kowa ya fi kowa ƙara a hoto, ido can zai fara zuwa. Baba ya ce gwaji ne kawai, kuma kujerar hedimasta ba ta yawo. Aka ɗauka. Sannan katikis, mataimakin fasto, ya karɓi zanen, Baba ya zauna da hularsa da rediyonsa, aka ɗauki na gaske.

Bayan sabuwar shekara hotunan suka iso, duka biyu sun fito tas. Baba ya daɗe yana kallon na gasken, ya ce lalle mutumin nan ya san aikinsa. Na gwajin kuwa ya ba Kaka ta ajiye. Akwai wani saja ɗan ƙauyenmu da zai koma Enugu, sai Baba ya sa hoton na gasken a ambulan. Kaka ta ce a ba ta ta kai da kanta, tunda za ta haɗa wa Dogara da garin citta da ɗan acca. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wa Mama tsohuwa ta fara fahimta.

Wata ranar Asabar da hantsi, muna dawowa daga rafi da tuluna, muka ji kuka daga bakin gari. A wurinmu mai zuwa makoki tun daga nesa yake fara kuka, kuma wanda ya ji ba ya tsayawa tambaya, kama masa yake yi, a ji sunan mamacin daga baya. Kafin mu sauke ruwa, rabin ƙauyen ya biyo wani soja mai jakar ƙarfe a ka, mata suna ɗora hannu a kai, tsofaffi suna jan sanda, har mai buga ƙararrawar coci ya ruga bakin aikinsa. Ayarin ya karyo kwana ya shigo gidanmu. Baba yana bayan rumbu yana aske gemu. Ya fito da kumfa a rabin fuska, ya sunkuyar da kai yadda ya kamata, ya matsa kusa da sojan ya tambaye shi a hankali, cikin ladabi, wa aka rasa.

Na ga mutane sun tsorata a rayuwata, amma ban sake ganin irin na sojan nan ba, wanda ashe Dogara ne, ƙanen Baba. Mutumin da ya yi yaƙi ya dawo da ransa ya yar da jaka, ya tsallake shingen aladu ba tare da ya taɓa shi ba. Sai da fasto ya bi shi har gonar citta, ya riƙo hannunsa, ya kawo shi ya taɓa Baba. Da ya samu numfashi ya ciro hoton daga aljihu. Ga mata cikin anko, ga fuskoki kamar an hana mu gado, ga uwa tsohuwa da haske a fuskarta ita kaɗai, ga kujerar yayansa babu kowa sai hula. Ya ce ko kwamandansu da ya gani bai yi musu ba, cire tasa hular ya yi ya sa hannu a takardar hutu.

Duk ido ya koma kan Kaka. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta riga ta kama fuskar Dogara da hannu biyu tana laluba ta, daga goshi har haɓa. Baba ya fara jawabi a kan gaskiya da tsoron Allah, kumfa na bushewa a kumatunsa. Ba ta ko juyo ba.

"Ni na ce wani ya mutu? Ni ko rubutu ban iya ba. Kai, Dogara, ka rame. Ba su ba ka abinci a wurin?"

Tunda jama'a sun riga sun taru, kuma kukan da aka fara ba a mayar da shi ciki haka kawai, aka yanka akuya. Masu makoki suka ci suka sha, suna bi ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Baba barka da tashi. Dogara ya yi wata guda tare da mu, ya gyara wa Kaka jinkar ɗaki, kuma daga shekarar nan hutu ya daina yi masa wuya. Ta ga fuskarsa sau da dama kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

Yanzu 'ya'yana suna Abuja da Legas, ɗaya ma tana ƙasar waje. Kowace safiya wayata cike take da hotunansu: suna cin abinci, suna cikin mota, jikokina suna nuna duk haƙoran da Allah ya ba su. Hotunan suna da kyau, hasken ya zauna daidai, babu bishiyar da ta tsiro a kan kowa, kuma duka abu ɗaya suke faɗa, wato kowa yana lafiya, kada a damu. Ni ma haka nake aika musu da nawa, ina murmushi a ƙofar gida. Muna ganin juna kullum, shi ya sa babu mai zuwa.