Takalman da Baba Tanko Ya Ɗinka wa Mai Ɗakina

Ku masu yabon marigayi Baba Tanko baduku, ba ku taɓa kai mashi aikin mai ciki ba. In ya hango mijin mai ciki ya nufo rumfarshi a Tafoki, tun kafin sallama ya fara faɗa, kamar kai ka hura mata ƙafafun da bakinka.

Ni abin ya same ni ana saura 'yan shekaru Bature ya tattara ya tafi. Mai ɗakina na da cikin fari wata bakwai, za ta goyon ciki gidan iyayenta wajen Sabuwa, tafiyar kwana biyu a ƙasa. Ƙafafu sun yi suntum, takalminta ya ƙi shiga, jaki kuwa amai yake sa ta.

Ni da na yi aji biyu a elementare ta Faskari, sai na ari rula na auna ƙafar, na rubuta a takarda na kai mashi. Ya jujjuya takardar.

"Wannan ce za ta taka har Sabuwa?"

Ya ce in zuba toka a faifai ta taka, in kawo sawun. Na kawo da hantsi. Mutumin nan ya hure mani tokar a fuska! Wai ƙafar safe maƙaryaciya ce, sai ta la'asar, in kumburi ya gama hawa. Na ce haba Baba, ƙafa ai ƙafa ce. Nan na jawo wa kaina. Ya ɗaure mani tulu cike da ruwa a ciki da rawaninshi, ya ce ko in zagaya kasuwa kan tsakuwa ba takalmi, ko matata ta tafi da ƙafar Allah. Na zagaya, ranar kasuwa, mahauta na yi mani barka. Shekara guda ana kirana Wata Tara. Wannan ba zalunci ba ne?

Na kai sawun la'asar, bayan kwana uku ya miƙo takalman yana hararata. Fatar kirgi ninki uku, ya cusa audugar rimi ƙarƙashin dunduniya da tsakiyar tafi, maɗaurin kuma ana sassauta shi. Muni kamar kwaɗi biyu.

Ta isa Sabuwa ko ƙujewa ba ta yi ba, ta sauka lafiya.

Allah Ya jiƙan Baba Tanko, Ya sa ƙasa ta yi mashi laushi.