Yatsu Uku a Kwatar Garwa

Na sauka Garwa, can tsallaken iyaka, da kalangu a hammata da 'yar jakar kaya, a shekarun da aka canza shugaban ƙasar, a kowane shinge jandarma na tsaye yana neman takarda. Daga Zamfara na fito, kuma ina ji da kaina, don a garinmu ba a bikin mahauta sai da ni. Wanda ya aika a ɗauko ni wani tsohon mahauci ne, jikan mutanenmu da fatauci ya kai su can. Makaɗinsu ya rasu, kwatar da ake yanka ta yi shiru. Baba nake ce masa, a zaurensa nake kwana.

Garin bai karɓe ni da sauri ba. Ga zafi, ga Fillanci ta ko'ina, mai shayi ma ya juya mini Faransanci in tsaya ina kallonsa baki sake. A kwata kaɗai nake jin Hausa sosai, shi ya sa na matsu in fara aiki.

Baba ya hana ni. Kwana uku ya zaunar da ni yana koya mini taken kowane gidan mahauta, wato kiɗan da ake kiran gidan da shi, yana buga mini a cinyarsa da yatsu. Ya ce a nan jeri ake bi, gidan da kakansu ya fara zuwa garin shi ake fara bugawa, sai mai bi masa. Gidan Baba na huɗu ne. Na ce to, amma a raina ina cewa tsoho ya cika tsoro. A wurinmu wanda ya kayar da babban sa shi ke da kiɗan ranar.

Sati biyu na bi jeri lafiya. Wata safiya sai wani mahauci daga ƙananan gidaje ya shigo da bijimi daga kasuwar Pitowa, mutum huɗu na riƙe da igiya yana jan su. Da ya kayar da shi kwata ta ɗauki ihu. Ban yi shawara da kowa ba, na matse kalangu na saki takensa tun ban buga na gidan farko ba. Mai bijimin ya ɗaga wuƙa sama yana kirari.

Babban ɗan gidan farko, wani ƙato da ba ya dariya, ya ajiye cinyar da yake saɓe da ita. Mari ɗaya ya yi wa mai bijimin, nan take gida biyu suka kaure. Na ga an rotsa wa wani kai da ƙashin sa, jini ya rufe masa ido. Wani ya zame a tumbi, aka bi ta kansa da duka. Ina neman hanyar fita aka shaƙo wuyan rigata ta baya. Ƙaton ne. Ya tsinke tsarkiyar kalanguna da wuƙa, ya ja ni har kututturen da ake sara ƙashi, ya danne hannuna na dama a kai, ya ɗauki gatari.

"Hannun da ya buga shi zan cire," in ji shi.

Idan hannun nan ya tafi, ba ni da wata sana'a a duniya. Na runtse ido, na ji saukar gatari, na ji ɗumin jini a wuyan hannuna, amma ban ji zafi ba. Da na buɗe ido, hannun Baba ne a kan nawa. Yatsunsa uku na kwance a kan kututture.

Jandarmomi suka tafi da ƙaton. Ni na bi Baba asibiti, ina kuka ina rantsuwa cewa zan koma gida, ba zan ƙara taɓa kalangu a garin nan ba. Ya bari na gama, sannan ya dube ni.

"Ni na aika aka ɗauko hannun nan, ɗana. Da wane ido zan mayar wa mahaifiyarka kai babu shi? Ka gyara kalangunka, ka koma kwata, ka fara daga gidan farko."

Na ce gidan da suka yi masa wannan? Ya ce jerin bai canza ba.

Ranar da aka sallame shi na koma. Uban ƙaton na tsaye a wurinsu, kansa a ƙasa. Na buga taken gidansu haƙorana a cije, baƙin ciki kamar ya kashe ni. Na buga na biyu, na buga na uku. Da na zo na huɗu, Baba ya miƙe daga bakin ƙofa inda yake zaune ba wuƙa, ya ɗaga hannun nan naɗe da farin ƙyalle.